Kunnen Gita

Gitar lantarki da kunnenta take magana: maganaɗisu ne naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, mai ɗaukar kaɗawar tsirkiya ya miƙa wa lasifika. Ran da ya mutu, zaɓi biyu ke gaban makaɗi. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender Stratocaster ta 1954, amonsa garau ne, amma yakan kwaso gurnanin wuta. Mai naɗi biyu, wanda Gibson ya sa wa Les Paul a 1957, yana kashe gurnanin, sai dai yana kaurara murya. Saurayin da ya koyi kiɗa yana sauraron Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, in ya zaɓi na biyun ya huta da gurnani, amma kaifin amon da ya ja shi ga gita ya dushe.