Daga Dar es Salaam zuwa gonakin inabin Dodoma

Manajan wani gidan abinci a Dar es Salaam ne ya ja ni wannan tafiya. Takardar giyar inabin da yake miƙa wa baƙi kusan duk kayan Afirka ta Kudu ne, sai ɗan na Faransa da Italiya, kuma masu yawon buɗe ido sun dame shi da tambayar ina ta ƙasar Tanzaniya. Ya yanke shawarar zuwa Dodoma ya gani da idonsa. Ni ba na shan giya, na kuma gaya masa tun farko. Abin da ya kai ni shi ne ganin yadda inabi ke yi a ƙasar fari.

Ƙarfe 6 na safe jirgin ƙasa mai lantarki ya tashi daga tashar Magufuli. Tikitin kujerar talakawa shilin 31,000 ne a lokacin. A 2024 aka buɗe wannan layi, kafin nan kuwa sai mutum ya kwashe awa takwas ko fiye a bas kan hanyar da ta kai kilomita 450. An binciki jakunkunanmu kamar a filin jirgin sama. Barci ya ɗauke ni har Morogoro, inda na farka na ga duwatsun Uluguru shuɗi-shuɗi cikin hazo. Bayan Kilosa jirgin ya riƙa shiga ramukan da aka fasa cikin dutse yana fita, daga nan koren daji ya fara janyewa. Jan ƙasa ta bayyana, da ƙaya, da kukoki tsaye birjik, da yaran Wagogo suna kora shanu. Da ba don manyan duwatsun da ke jibge kan juna ba, sai in ce tsakanin Katsina da Maraɗi nake.

Goma saura muka sauka. Keken bajaji ya kai mu cikin gari a shilin 5,000 bayan ciniki. Tun 1973 aka tsayar da Dodoma a matsayin babban birni, amma ma'aikatun gwamnati ba su taso da gaske ba sai zamanin Shugaba Magufuli, shi ya sa ko'ina gini ake yi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mata masu tallan inabi a bakin titi, tuli-tuli a faranti, baƙi wuluk, ƙananan 'ya'ya masu ƙwallo a ciki. Na saya na ci. Zaƙinsa har yana kama maƙogwaro.

Da la'asar muka ɗauki hanyar Iringa zuwa ƙauyen Mpunguzi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Wata dattijuwa ta shigar da mu gonarta. Abokin tafiyata ya gaishe ta da "Shikamoo, Mama", ni ma na bi sahu. A cikin dogayen ramuka da aka cika da taki ake dasa kurangar, a ɗaure ta jikin waya tsakanin turaku. 'Yan mishan Katolika ne suka kawo wannan noma yankin, Bihawana na cikin wuraren da ya fara kafuwa. Dodoma tana bisa tudun da ya haura mita 1,100, rana da zafi, dare da sanyi, ruwan sama kaɗan, kuma sau biyu ake girbi a shekara: wajen Maris, sai wajen Agusta zuwa Satumba. Girbin rani ya fi zaƙi, na damina kuwa fumfuna kan ɓata shi. Ta ɗaga mini ganye ta nuna wani nonon inabi irin Makutupora da ya fara yamushewa. Ba ciyawa ba ne balle a ajiye, in ji ta. In masana'anta ba ta zo da mota a kan lokaci ba, sai a karyar wa 'yan talla.

A nan na gane nauyin takardar giyar da ke aljihun manajan. Layi ɗaya a cikinta kasuwa ce ga gona irin wannan.

Washegari muka je wata masana'anta. Shi ya ɗanɗana farar Chenin Blanc da jar Syrah yana tofarwa a bokiti, ni ina gefe da kofin ruwan inabi marar sa maye. Na zaci zancen ɗanɗano za su yi ta yi, ashe ba shi ne ya fi damunsa ba. Tambayoyinsa na ɗan kasuwa ne: ko kwalbar baɗi za ta yi daidai da ta bana, ko za a iya kawo masa kaya duk wata ba yankewa, da wace irin mota za a ɗauko kada zafi ya dafa kayan kafin Dar es Salaam. Ya ce baƙo ba ya sayen kwalbar da bai san sunanta ba, don haka kofi-kofi zai fara sayarwa, a farashin da ke ƙasa da na Afirka ta Kudu, ya kuma koya wa masu hidimarsa su iya faɗin inda Dodoma take da abin da ya dace a ci da kowace. A ganina wannan ya fi duk wani talla.

Iri biyu ya zaɓa, ya bar wani na uku da aka ba shi don ya yi masa zaƙi da yawa. Na yi azahar a masallacin Gaddafi, ƙafafuna sun yi tsami saboda yawon gona, muka kama jirgin yamma da katan biyu na gwaji.