Ranar da Ƙugiyoyi Suka Ɓace

Shekara huɗu malamin ya kwashe yana fassara Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo, yana kai-komo tsakanin Kalgo da zaurukan malaman Gwandu. Saura mako guda ya miƙa aikin ga maɗaba'a, aka sabunta manhajar kwamfutarsa. Da ya buɗe, "ɗan" ya koma "]an", "ƙasa" kuma "}asa". Ashe tsohon samfurin haruffansa aron gurbin alamomi ya yi, ya zana musu ƙugiya. Da samfurin ya tafi, asirin ya tonu. Ya musanya su duka lokaci guda da haruffan Unicode, sai alamomin da ya killace ƙarin bayaninsa da su suka rikiɗe Ɗ da ɗ. Waɗannan kam, sai da ya bi su shafi-shafi.