Faɗan Kyanwoyi a Cikin Gida

Duk wanda ake kiwon kyanwa fiye da ɗaya a gidansu ya san kukan nan na tsakar dare, wanda kan fara kamar kukan jariri, ya ƙare da ɓarin kwanoni. In gari ya waye kowa ya kawo tasa fassarar. Wani ya ce kishi ne, wani ya ce mugun hali ne. Ni dai a nawa ganin, yawancin faɗan kyanwoyi faɗan wuri ne, kuma mu masu gida mu ne kan haddasa shi ba tare da mun sani ba.

Masana sun nuna cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ɓerayen rumbu ne suka jawo ta kusa da mutane. A shekarar 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus, inda aka binne mutum tare da kyanwa kimanin shekara 9,500 da suka wuce. To, duk da wannan daɗewa ba ta bar halin kakanninta ba. Kyanwar daji ita kaɗai take farauta, domin ɓera ɗaya ba ya isar baki biyu. Saboda haka kowace kyanwa tana da yankinta. In ka ga tana goga kumatunta a jikin turmi ko ƙafar gado, ba ƙaiƙayi take ji ba, warin jikinta take shafawa, watau tana sa hannu ke nan cewa nan nata ne.

A gidanmu akwai wata farar kyanwa ta Kaka, muna ce mata Tsohuwa. Da ɓeraye suka dame mu a ɗakin ajiyar hatsi, sai ƙanena ya karɓo wata 'yar baƙa daga maƙwabta. Da fari lafiya lau. Amma da Baƙa ta kai wajen shekara biyu, lokacin da kyanwa kan cika girma ta fara neman wurin kanta, sai zaman ya koma na doya da manja. Ran nan suka kifar da ƙwaryar furar Baba, ya ce gobe a sa Baƙa a buhu a kai ta bayan gari. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a ba ni wata ɗaya." Ya ce, "Wata ɗaya, ba ƙari."

Da yake lokacin hutu ne, sai na zauna ina lura da su. Ashe faɗan ba ya farawa da ihu. Da kallo yake farawa. Tsohuwa takan kwanta a bakin ƙofar madafi kamar mai shan hantsi, alhali tare hanya ta yi, don ta nan kaɗai ake bi a kai ga kaskon abincinsu. Kaskon kuwa ɗaya ne tak. In Baƙa ta matso sai Tsohuwa ta zuba mata ido ko ƙiftawa babu. Baƙa ta kwantar da kunnuwa, gashin bayanta ya tashi, wutsiya ta kumbura, ta yi ta huci. Wanda bai lura ba sai ya ce Baƙa ce mai neman fitina, nan kuwa tsoro ne ya cika ta. Mai shirun ita ce mai tsokana. (Mu 'yan makarantar kwana mun san irin wannan a layin abinci.)

Ya kamata kuma a rarrabe faɗa da wasa. Masu wasa ba su cika yin ƙara ba, ba sa fitar da farata sosai, wannan ta kori waccan, can kuma waccan ta kori wannan. In kullum ɗaya ce ke gudu tana ɓuya, ta rage cin abinci, wannan ba wasa ba ne.

Abin da muka yi ba shi da tsada. Muka kulle Baƙa a wani ɗaki da ba kowa, da abincinta da ruwanta da kwanon yashi don bayan gida. Kowace safiya nakan goga tsumma a kumatun ɗaya in ajiye a makwancin ɗayar, don su saba da warin juna kafin su sake haɗa ido. Bayan mako guda muka riƙa ba su abinci lokaci ɗaya, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ƙofa a rufe. Sa'an nan muka fara buɗe ƙofar kaɗan kaɗan. Da muka sake ta, kowace da kaskonta, ɗaya a madafi ɗaya a gindin rumbu, inda ba sa ganin juna. Ƙanena ya kafa wani katako a jikin bango, domin kyanwa in ta sami tudun da za ta hau ta hangi ƙasa, hankalinta kan kwanta.

Aiki mafi wuya shi ne hana yaran gida dukansu. Duka ba ya koya wa kyanwa kome sai ƙarin tsoro, tsoron nan kuwa shi ne tushen faɗan. In sun kaure, a tafa hannu da ƙarfi ko a sa faifai ko kwali a tsakaninsu. Kada wanda ya kuskura ya sa hannu. Haƙoran kyanwa sirara ne, sukan shiga can ciki su bar ƙwayoyin cuta, baki ya rufe, ciki ya yi mugunya. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya tafi asibiti ran nan, musamman da yake kyanwa ma tana iya ɗaukar ciwon haukan kare.

Akwai kuma faɗan da asalinsa daga waje yake. Wani dare na ga muzurun unguwa a kan katanga. Tsohuwa ta hango shi, ba ta iya kai gare shi ba, sai ta huce a kan Baƙa. Muzurai su ne gwanayen faɗa, don yawon neman mata. Likitocin dabbobi sukan fiɗiye su, wannan kuwa yana rage yawon da faɗan ƙwarai. Haka nan kyanwar da ba ta saba faɗa ba, in ta canja hali farat ɗaya, a kai ta a duba, wataƙila ciwo ke damunta.

Ba zan ce Tsohuwa da Baƙa sun zama aminai ba. Ba sa kwana tare, ba sa lasar juna. Sun dai raba gidan: Tsohuwa ta riƙe madafi da ɗakin Kaka, Baƙa ta riƙe rumbu da katakonta, in sun haɗu a tsakar gida kowace ta kau da kai. Watan ya cika Baba bai sake ta da maganar buhu ba, sai ma ya ce a duba masa ko Baƙa za ta yarda ta riƙa kwana a shagonsa, don can ma ɓeraye sun fara cin buhunan shinkafa.