Ina Ruwan Lori da Sana'a?

Mu malaman makarantun zango mun saba da wata tambaya duk ranar da muka shiga aji da jaridar Turanci. Yaro ya san career na nufin aikin da mutum ya riƙa a rayuwarsa, kamar koyarwa ko likitanci. Sai ga shi a labarin haɗari an rubuta "the lorry careered off the road". Nan take zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina ruwan lori da sana'a?"

To, kalmar ɗaya ce, amma a nan aikatau ce. Ma'anarta abu ya tafi a guje ba tare da mai iko da shi ba. Ba kowane gudu ake kira haka ba. Ɗan tseren da ya san inda zai tsaya bai shiga ciki ba. Sai motar da birkinta ya tsinke a gangara, ko amalanken da ya kuɓuce wa mai turawa a kasuwa. Galibi akan biyo ta da off ko into ko down, don a nuna inda abin ya nufa.

Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci a ƙarni na 16, tana nufin filin tseren dawaki da sukuwar da ake yi a cikinsa. Tushenta carrus ne na harshen Latin, wato keken da ake ja, wanda shi ne ya haifi car. Sai a ƙarni na 19 ma'anar sana'a ta zauna, aka ɗauki rayuwar aiki tamkar fage. Akwai wata mai kama da ita, careen, wadda asalinta a kwantar da jirgin ruwa gefe guda don a gyara ƙasansa, amma Amurkawa kan sa ta a wannan gurbi.

Da Hausa fa? Sukuwa ba ta cika ma'anar ba, domin mai sukuwa da linzami a hannunsa, ya san inda zai ja. Abin da ya fi kusa shi ne "mota ta ƙwace".

Nan ne muke roƙon jama'a su lura. Da Turancin da Hausar duka mota aka ɗora wa aikin, direba ya ɓace daga zancen. Alhali sau da yawa mota ba ta ƙwacewa sai an taka ta fiye da kima, ko an yi mata lodi, ko an ƙi duba birki. Ba mu manta da haɗarin kusa da Kintampo na Fabrairun 2016 ba, inda bas da motar tumatir suka yi karo, mutum fiye da 50 suka rasu.

Da yawa daga direbobi da 'yan kamashon tashoshinmu 'ya'yan zango ne, wasu ma mu muka koyar da su. Tuƙi sana'a ce mai daraja, kada gaggawa ta mai da ita ɗaya ma'anar. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya kiyaye hanya, amin.