Gilashi da Gardama a Moraine

A Disambar 2008 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta Moraine a jihar Ohio. A 2014 Fuyao, kamfanin Sinawa mai ƙera gilashin mota, ya sayi ginin, mutanen gari suka yi ta murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Shugabannin da aka kawo daga Sin sun saba da aikin awa 12 da bin umarni ba musu, sai suka ga Amurkawa na da nawa da yawan surutu. Su kuwa ma'aikatan, in an daka musu tsawa, raini suke gani. In sun tambayi dalili, a ce taurin kai ne. Tafinta na tsakiya, yana sassauta maganar kowa.

Fim ɗin American Factory na 2019, wanda aka yi kan wannan masana'anta, ya nuna wata ma'aikaciya da albashinta ya faɗo daga dala 29 a awa a General Motors zuwa ƙasa da 13 a Fuyao. Wannan kam ba laifin harshe ba ne. Amma da aka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a 2017, mafi yawan ma'aikatan suka ƙi, ga tsoron kada ƙofar ta sake rufuwa.