"Na'ura ce ta ƙi": wane ne baƙon da ke yanke hukunci cikin rumbu?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garin nan, kusan duk mako sai ta shigo muna ta tarho lokacin shirin kiraye-kiraye. Mutum ya je karɓar tallafi ko yin wata takarda, ya ɗora yatsa bisa gilashi, sai ma'aikaci ya dubi allo ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, na'ura ce ta ƙi." Wata uwa tamu daga wani ƙauye na arewacin gari ta gaya muna sau uku tana biyan kuɗin mota ta zo wajen wata ƙungiya mai rabon kuɗi, sau uku ana ce mata ta riga ta yi rajista da wani suna. Ita kuwa ko katin ba ta taɓa riƙewa ba. Ma'aikacin bai yi mata ƙarya ba, abin da allo ya nuna mishi ke nan. Sai dai kalmar "na'ura" ta yi faɗi da yawa. Munka zauna da masu sanin aikin, munka yi karatu, kuma abin da munka tarar ya isa a baje shi a faifai.

Sunayenmu suna zaune cikin abin da ake kira rumbun bayanai, base de données ga waɗanda sunka yi lakwal. Rumbu ne na gaske: layi-layi, suna, ranar haihuwa, gari, lambar tarho, hoto. Ana yi mishi magana da wani harshe mai suna SQL, wanda anka ƙirƙira a kamfanin IBM na Amurka cikin shekarun 1970. Kuma rumbun ba ajiya kaɗai yake yi ba. Ana iya rubuta mishi tsarin aiki a ajiye cikinshi, kamar yadda mai gida ke barin wa yaron shago umarni: in an kawo sabon suna, duba ko akwai irinshi, in babu ka rubuta, ka ba shi lamba, ka shaida wa mai buga kati. Wanga ajiyayyen tsari shi ne Faransawa ke ce wa procédure stockée. Duk wanda ya iya harshen, anka kuma ba shi izini, zai iya buɗe shi ya karanta layi bayan layi, ya ce nan an yi daidai, nan an yi son kai.

To, amma akwai aikin da ya fi ƙarfin harshen rumbu. Gwada zanen yatsa na cikinsu. Ku ɗauki rajistar zaɓe ta zamani da hukumar CENI ta yi a ƙasar nan. An ba kamfanin Gemalto kwangilar a 2019, shekarar da kamfanin Thales na Faransa ya saye shi, kuma zuwa zaɓen 27 ga Disamba 2020 an samu mutum wajen miliyan 7.4 cikin kundin. Da za a gwada kowa da kowa don a gano mai rajista biyu, lissafin ya kai gwaji wajen miliyar dubu 27. Babu ajiyayyen tsarin da zai ja wanga kaya. Irin wannan aiki sai manhaja ta daban, wadda galibi ake rubutawa da harshe mai sauri kamar C, wanda Dennis Ritchie ya haɗa a farkon shekarun 1970. Ita kuma manhajar ba a kawo ta yadda anka rubuta ta. Sai an niƙa ta ta koma harshen inji zalla, sifiri da ɗaya. Mu nan mun san niƙa. In anka kai hatsi injin niƙa ya dawo gari, za ka iya yin tuwo da shi, amma ba ka iya duba garin ka ce daga wace gona zangarniyar ta fito, ko an garwaya shi da wani abu. Haka niƙaƙƙiyar manhaja take: tana aiki, ba ta karantuwa sai da wahala mai tsanani, kuma asalin rubutun yana hannun kamfanin da ya sayar.

Saboda haka abin da ke faruwa in kin ɗora yatsa, Inna, kusan kamar haka ne. Rumbu ya karɓi hoton yatsanki, ya kira wani baƙo daga waje ya miƙa mishi, ya ce duba mini wannan. Baƙon ya yi lissafinshi a ɓoye ya dawo da amsa. Rumbu ya rubuta amsar kamar tashi ce.

Masu gina rumbuna sun daɗe suna gardama a kan inda ya kamata a zaunar da wanga baƙo, kuma gardamar tana da daɗin ji ga duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe. Kamfanin Oracle, tun fitowar Oracle 8 a 1997, ya zaɓi ya ajiye baƙo a zaure. In ajiyayyen tsari na son a kira manhajar C, sai a tada wani ɗan aike na dabam mai suna extproc, shi ke ɗaukar manhajar ya yi aikin can waje, ya miƙo amsa ta ƙofa. In baƙon ya faɗi ya suma, zaure ne kawai ya rikice, cikin gida lafiya lau. Kuɗin wanga tsari shi ne jinkiri, tunda kowace tambaya sai an yi kai da kawo. Rumbun PostgreSQL, wanda kyauta ne kuma kowa na iya karanta asalin rubutunshi, yana barin a shigo da manhajar C har ɗaka. Sauri kam akwai shi. Amma in baƙon ya yi tuntuɓe ya faɗi, rumbun kan katse duk waɗanda ke aiki da shi a lokacin, ya sake tashi ya bincika ko wani abu ya ɓaci. Shi ya sa mai babban makulli kaɗai ke da ikon shigo da irin wannan manhaja. Microsoft ma ya taɓa buɗe ƙofar ɗaka a rumbunshi na SQL Server, daga baya ya riƙa ce wa mutane su daina bi ta nan, ya kawo wata hanya mai shinge a 2005.

Kar ku ce zaure ya raba gardama. Zaure ai ƙofa biyu gare shi, ɗaya na kallon gida, ɗaya na kallon titi. A 2002 wani mai binciken tsaro ɗan Birtaniya, David Litchfield, ya nuna cewa mutum daga waje zai iya yi wa ɗan aiken nan na Oracle magana kai tsaye, ba tare da an tambaye shi ko wane ne ba, ya sa shi ya aiwatar da umarni bisa kwamfutar. Sai da kamfanin ya fito da gyara. A wajen Microsoft kuma akwai wani umarni mai suna xp_cmdshell da ke ba rumbu damar ba dukan kwamfutar umarni. Ɓarayin intanet sun sha shiga ta nan, har ya zama tun 2005 a kulle yake zuwa, sai wanda ya buɗe da hannunshi. Wanda ke ganin wannan zancen masana ne kawai, ya tuna 19 ga Yuli 2024, ranar da wani ɗan gyara na kamfanin CrowdStrike, wanda manhajarshi ke zaune can cikin ƙuryar Windows, ya kada kwamfuta wajen miliyan 8.5 a duniya. Jirage sunka kasa tashi, asibitoci sunka koma biro da takarda. Ba rumbun bayanai ba ne, amma ciwon guda ne: baƙon da anka shigar ɗaka ya faɗi, ya ja gidan.

Akwai kuma wani abu da masu aika kuɗi ta salula za su gane nan take. Rumbu na da wata kyakkyawar ɗabi'a: in aiki ya tsaya a tsakiya, yana iya warware duk abin da ya rubuta ya koma yadda yake, kamar ba a fara ba. Amma ikonshi ya tsaya kan abin da ke cikinshi. In ya riga ya aiki baƙo, baƙon ya tura saƙo ko ya taɓa asusun wani kamfani, rumbu ba ya iya kamo wannan ya maido. Daga nan ake samun wasu daga cikin rikicin "an cire mini jaka goma, can kuma ba ta isa ba", musamman in rezo ya yanke ko wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, abin da ba sai an ba ɗan Dakoro labari ba.

Mu koma ga yatsa, don nan ne abin ya fi taɓa mu. Baƙon nan ba ya cewa "ita ce" ko "ba ita ba ce". Maki yake bayarwa: waɗannan zane biyu sun yi kama da juna kaza. Mutum ne, ɗan Adam mai suna da albashi, ke yanke inda za a ja layi, ya ce daga maki kaza zuwa sama mutum guda ne. In ya ja layin ƙasa, za a riƙa haɗa mutane biyu a ce guda ne, sai a ce wa uwarmu ta riga ta yi rajista. In ya ja shi sama ƙwarai, mai rajista biyu ya sulale, kuma mai gaskiya ya zo yatsanshi ya ƙi buɗe sunanshi. Babu inda za a ja layin a rasa kuskure gaba ɗaya. Kuma kuskuren ba ya faɗa wa kowa daidai. Ku dubi hannun wanda ya shekara talatin yana jan igiyar wasaki a rijiyoyin ƙasar Dakoro masu zurfin nan, ko na macen da taɓarya ba ta bar tafinta ba tun tana ƴar shekara goma, ko na manomi bayan noman hauya, ko na tsoho cikin hunturu lokacin da fata ta bushe ta tsage. Zanen ya shafe, hoton ya fito dishi-dishi, makin ya zama na caca. Ɗan biro mai laushin hannu a Yamai ba zai taɓa sanin wanga wulaƙanci ba.

Ba muna cewa a jefar da na'ura ba. Maƙwabtanmu na Najeriya, a rajistar da sunka rufe a 2022, hukumar INEC ta ce cikin sababbin rajista sama da miliyan 12 ta soke wajen miliyan 2.7, da yawa saboda maimaici. Babu taron malaman biro da zai iya tsamo wannan da ido. Kundinmu na 2020 ma ƙwararrun ƙungiyar OIF sun duba shi kafin zaɓe. Amma a ganinmu duba kundi daban, duba alƙalin da ke cikin kwali daban. Kana iya ƙirga layukan rumbu, ka tabbatar babu suna biyu, alhali ba ka san mutum nawa baƙon ya kora a bakin ƙofa ba, tunda wanda anka kora ba ya cikin layin da kake ƙirgawa.

Wasu ƙasashe sun nemi dabara. Indiya, da ta tashi yi wa mutane sama da miliyar ɗaya rajistar Aadhaar, ba ta yarda da baƙo guda ba, kamfani uku ta ɗauka suna gwada yatsu, don a riƙa auna amsar wani da ta wani. Daga can kuma anka fito da MOSIP, tsarin rajistar jama'a wanda asalin rubutunshi a buɗe yake, ƙasashe irin su Maroko da Filifin sunka ɗauka. Shi ma yana kiran manhajar gwada yatsu daga waje, sai dai an gina ƙofar yadda in baƙo ya ɓata, a sallame shi a kawo wani ba tare da an rushe gida ba. Hukumar NIST ta Amurka kuma tana gwada manhajojin kamfanoni ta buga sakamakon kowa ya gani, har tana da tata manhajar yatsu da ta saki kyauta.

Yanzu zancen diyauci ne a bakin kowa, kuma ana ta shigo da sababbin takardu masu ɗaukar yatsa da fuska, kamar fasfon AES da anka ƙaddamar a Janairun 2025. Muna murna da duk abin da zai sa bayananmu su kwana a ƙasarmu. Sai dai a ajiye kwamfutar a Yamai bai wadatar ba in mai yanke hukuncin cikinta gari ne da anka niƙo a wata ƙasa, babu ɗan ƙasa guda da ya ga hatsin. Muna da yara masu ƙwaƙwalwa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta Abdou Moumouni. Ya kamata duk kwangilar da za a sa wa hannu ta ce a fili wa ke da ikon ganin asalin rubutun, wa ke ja layin maki, kuma a gwada manhajar da hannuwan makiyaya da manoma na nan kafin a biya kuɗi.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. In yatsa ya ƙi don bushewa, a goge gilashin, a ɗan huro wa yatsan iska daga baki ko a shafa shi a goshi ya samu laima, a gwada wani yatsan. In anka ce kin riga kin yi rajista, Inna, kar ki juya ki tafi. Ki ce a nuna miki hoton wanda anka ce ke ce, don tsari mai kyau yana tura irin wannan gardama gaban mutum ya duba da idonshi. Ki nemi a rubuta kukanki a ba ki lamba ko ƴar takarda, da ranar da za ki dawo. Ku kuma ƙannenmu da ke zaune bayan allo, mun san ba ku kunka haɗa na'urar ba, amma ku ne kaɗai ke iya rubuta wa na sama cewa yau mutum kaza yatsansu ya ƙi, daga ƙauye kaza, masu sana'a kaza.

Wanda abin ya taɓa samu, ya rubuto muna a ƙasan wanga rubutu ko ya kira cikin shiri: wane irin aiki yake yi da hannunshi, wane lokaci ne na shekara, kuma me anka ce mishi. Ba sai ya faɗi sunanshi ba. Za mu tara mu kai inda ya dace.