Daga Fadamar Sanyinna Zuwa Tsaunin Mambila

Bikin 'yar kawuna ne ya kai ni Mambila. Kawu ya bar Sanyinna tun ina ƙarami. Da ci-rani ya fara, har ya kafa shago a Nguroje, ya yi iyali a can. Da aka sa ranar aure cikin watan Janairu, sai dangi suka ce ni ne mai sauran ƙarfin zama cikin mota, in je in wakilce su.

Hanyar ba ta wasa ba ce. Daga Sakkwato sai Gusau, Funtuwa, Zariya, Jos, Bauchi, Gombe, mu haye gadar Binuwai a Numan, mu faɗa Jalingo. Daga nan aka nausa kudu ta Bali da Serti. A Mayo Selbe direba ya tsaya ya zuba wa mota ruwa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya. Hawan dutse ke nan. Titi ya yi ta lanƙwasa, hagu bango, dama rami, kunnuwana suka toshe. Kafin mu kai Maisamari na zaro rigar sanyin da aka yi ta yi mini dariya a gida don na saka ta cikin jaka.

Ɗan ƙasar Sakkwato ba ya rasa abin alfahari a can, domin sunan ƙaramar hukumar ma Sardauna. Yankin yana cikin Kamaru ta Arewa da Ingila ke riƙo, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta haɗe shi da Najeriya, aka kuma raɗa wa lardin sarautar Sa Ahmadu Bello. Amma ban da suna, babu abin da ya yi kama da gida. Tudun ya haura mita 1,500 daga saman teku. Gabas da shi, kan iyakar Kamaru, akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Tuddai ne masu ciyawa, ɗaya bayan ɗaya iya ganinka, kuma tsakanin kowane biyu akwai kwari.

Kwaruruwan nan ne suka ɗauke mini hankali. Tsakiyar rani ake, an daɗe rabon da a ga hadari, amma kusan duk kwarin da muka ƙetare ruwa na gudu a cikinsa. Mu a wajenmu mun san ruwa ne idan ya iso. Gulbi ya kawo cikin Agusta, fadama ta cika, a yi shinkafa. Ya janye, a bi shi da albasa da tumatir, ana haƙa rijiyar burtsatse ana tayar da injin ban-ruwa. Inda ya taso ba ya cikin lissafinmu. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa yake farawa, garin da na wuce ina gyangyaɗi.

Bayan an watse daga ɗaurin aure na matsa wa Kawu sai ya nuna mini kan rafin da unguwarsu ke sha. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, duk abin kallon da ag garin ga, ruwa kaka son gani?" Amma ya sa takalmi.

Mun gangara ta cikin ciyawar da ta bushe ƙamas, sai ga wani ɗan siririn kurmi kwance a gindin kwarin, faɗinsa bai fi jifa guda ba. Muna shiga iska ta sauya. Itatuwa dogaye, jikinsu duk gansakuka, ƙasa kuwa baƙa wuluk, ruɓaɓɓen ganye ya yi mata katifa. Na taka, ƙafata ta nutse har idon sawu, ramin sawun ya cika da ruwa nan take. Babu wani idon ruwa guda da za ka nuna da yatsa. Ko'ina tsattsafowa yake, daga ƙarƙashin saiwa, daga tsagar dutse, ya taru ya zama zare, zare ya haɗu da zare. Na ɗaga wani dutse, ƙaguwa 'yar mitsitsiya ta ruga. Na kamfata na sha, haƙorana suka amsa.

Abin da ke faruwa ba boyayye ba ne ga wanda ya tsaya ya duba. Damina a can tana kai wata bakwai zuwa takwas, ruwan da ke sauka kuma ya ninka namu fiye da sau biyu. Idan ya faɗi kan tudu mai kaurin ciyawa, saiwoyi kan tare shi ya nutse maimakon ya kwarara. Ƙasa ta riƙe shi kamar sabuwar randa, tana sakinsa kaɗan-kaɗan ta gindi har rani ya fita. Kurmin kwari shi ke yi wa wurin inuwa, ya kuma riƙe gaɓa kada ta zube. Daga irin waɗannan 'yan zaren ne kogin Donga ke tashi, ya shiga Binuwai. Ruwan Rima da na Zamfara kuwa Kwara suke faɗawa. Ashe a Lakwaja ruwan da na sha da wanda muke ban-ruwa da shi suke gamuwa.

Kwari na biyu da Kawu ya kai ni, da gangan ya zaɓe shi. An sare kurminsa an yi gonar masara, a saman kuma an dasa itacen turare layi-layi. Shanu sun tattake mashaya ta zama jan kwaɓo, ruwan ya tsaya sai ƙudaje. Daga gefen tudu wani zaizayayyen rami ya tsago, zurfinsa ya shanye mutum a tsaye. Wani dattijon Bafillace da muka tarar yana kora 'yan maruƙa ya gaisa da Kawu da Fillanci, sannan ya juyo gare ni da Hausa. Na ce, "Baffa, da can haka wurin nan yake?" Ya girgiza kai, ya ce yana yaro a nan suke wanka da rani, ya nuna turaren da sandarsa ya ce wannan icen ba ya ƙoshi da ruwa.

Ban ga wanda zan ɗora wa laifi shi kaɗai ba. Rashin ƙudan tsando ne ya jawo makiyaya suka hau tudun da garkunansu a ƙarnin da ya wuce, shanu suka yi yawa har sawunsu ya yi wa tuddai matakala. Da rani a sa wa ciyawa wuta don sabon toho ya fito, wutar kuma kowace shekara sai ta ɗan lashi bakin kurmi. Manomi ɗan ƙabilar Mambila da aka kewaye masa tuddan da waya, ina zai nufa in ba kwari ba? Turare kuwa shi ne itacen girki, shi ne katakon rufi, shi ne kuɗin makarantar yara. Rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayuka a can a 2017, har yanzu kuma mutane na sassauta murya idan zancen ya taso. Sai dai rafi bai san mai gaskiya ba, ƙafewa kawai yake.

Kusa da ƙauyen Yelwa akwai Ngel Nyaki, dajin da gwamnati ta killace tun 1969. Faɗin wurin murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba. A cikinsa akwai birin cimfanzi da wani biri mai farin hanci. Wata malamar jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, Hazel Chapman, ta kafa aikin bincike a wurin tun farkon shekarun 2000, kuma samarin ƙauyen ne ke yawancin aikin. Dabararsu ta burge ni don ba ta da tsada: a kewaye wani yanki na ciyawa a bakin kurmi da waya, a share hanyar tare gobara, a dasa 'ya'yan itatuwan asalin wurin da aka rena. Sauran aikin tsuntsaye da birai ne, su ci 'ya'yan itace su kasayar da iri. Da na je wurin, na tsaya a jikin wayar: wannan gefe ciyawa a gwaguye har ƙasa, wancan gefe matasan itatuwa sun fi ni tsawo.

A nan tunanina ya koma gida. An gina madatsar Bakolori a 1978, aka gina ta Goronyo a 1984, duk da haka ambaliyar 2010 ta share garuruwa a Sakkwato, ta 2024 kuma ta cinye unguwanni a Gummi, kan gulbin da ke gangarowa ta ƙasar Kebbe. Kullum maganarmu a kan ƙofofin dam take da kayan agaji. Ban taɓa jin an tashi a wani taro an tambayi halin da dazukan Zamfara da Katsina ke ciki ba, inda ruwan ke fara sauka, alhali motocin gawayi da na itace ba su fasa fitowa. Haka ma a Mambila: shekara da shekaru ana alkawarin tashar lantarki mai megawat 3,050 a kan kogin Donga, kowa na lissafin wuta, ba mai lissafin jar ƙasar da ramukan nan za su riƙa aika wa madatsar.

Ranar komowa Kawu ya haɗa ni da ganyen shayin Kakara na rabawa dangi da buhun fiya. A tasha muka tarar da manyan motoci shaƙe da katakon turare za su gangara Jalingo. Ɗaya daga cikin lodin na Kawu ne, don ya fara taɓa harkar. Ya ce in na isa Sakkwato in shiga wajen 'yan katako in jiyo masa farashi, in ya ga da riba zai fara turowa bayan salla.